Waƙoƙin Makaɗan Zamfara Da Yadda Za Mu Adana Su

Jama'a, darasinmu na yau a kan kiɗa da waƙa ne. Kada wani ya ce wannan ba karatu ba ne. Ku dai saurara tukuna.

Ran nan na je duba wani aji a wani ƙauye na ƙasar Bunguɗu. Da aka tashi, sai wani dattijo ya jawo ni gefe. Ya zaro kaset daga aljihu, a naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Malam, wannan na mahaifina ne. Ina so in ji abin da ke ciki, amma duk garin nan babu mai rikoda." Muka yi ta cigiya. Sai a Gusau muka sami mai aiki, wurin wani mai gyaran rediyo. Na ɗauko ta, na koma ƙauyen, aka taru a zaure, aka sa kaset.

Sai ga gangar noma. Sai ga murya mai kauri, 'yan amshi suna karɓa. Makaɗin yana ta zuga wani manomi, yana yi masa kirari. Kowa ya yi tsit. Da waƙa ta ƙare sai gardama ta tashi. Wannan ya ce muryar wane ce. Wancan ya ce a'a, ai wane bai taɓa zuwa garin nan ba. Wane ne manomin da ake wasawa? A gonar wa aka yi gayyar? Wace shekara ce? Muka juya kaset gaba da baya. Babu ko harafi ɗaya a jikinsa. Wanda ya san amsa kuwa ya riga mu gidan gaskiya.

Da a ce mahaifin dattijon nan ya iya rubutu, layi uku sun isa su kashe gardamar. Shi ya sa na kawo muku wannan magana cikin littafin karatu.

Daga gona zuwa fada

Ƙasar Zamfara ƙasar makaɗa ce. Duk inda ake jin Hausa an san haka. Kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu. Manoma suna da gangar noma. 'Yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri da mafarauta, kowa da nasa makaɗi. Kassu Zurmi ya yi suna wajen waƙar 'yan tauri da mafarauta. Amali Sububu ya yi suna wajen waƙar noma.

Sa'an nan ga kiɗan fada. Shi ne ya fi kowane tsari. Akan yi shi da kotso ko da taushi. Makaɗin fada ba ya yawo shi kaɗai. Yana da ƙungiya. Shi ne jagora, bayansa ga masu kiɗa da 'yan amshi. Waƙar tana da gindi, watau 'yan kalmomin nan da ake komawa gare su kullum. Tana kuma da 'ya'ya. Jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su karɓe daga bakinsa su ƙarasa, sa'an nan duka a koma gindi. Wani lokaci har tamkar zance suke yi, ya tambaya su amsa. Wannan ba ya yiwuwa sai an yi ta maimaitawa a gida, dare da rana, kafin a fito gaban sarki.

Me ke cikin waƙar? Akwai yabo. Akwai asalin sarki, wane ya haifi wane, wane ya gaji wane. Akwai labarin yaƙi da na rangadi. Akwai habaici. Akwai kuma zambo, inda makaɗi zai siffanta abokin hamayyar ubangidansa, ya ba shi kamannin wata dabba, ba tare da ya kama suna ba. Mutanen fada duk sun san da wanda ake. Mu da muka zo daga baya, in ba a gaya mana ba, sai mu yi tsammani da kura ko da biri ake yi.

Manyan makaɗan fada da dama daga gona suka taso. Ku dubi Alhaji Musa Ɗanƙwairo. An haife shi a ƙasar Bakura, ya girma a ƙasar Maradun. Gidansu gidan kiɗa ne. Ya yi wa mahaifinsa amshi, ya yi wa wansa Kurna amshi, shekara da shekaru, kafin ya zama jagora. Ya san waƙar noma ƙwarai. Daga baya ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙoƙi, ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ya rasu a 1991.

Mutanen Bunguɗu kuma suna da nasu abin alfahari. Salihu Jankiɗi mutumin Rawayya ne. Da taushi ya yi kiɗa, har ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ya yi tsawon rai ƙwarai, ya rasu a 1973. Ga Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ga kuma Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. A ganina, wajen iya zaɓen kalma da azanci, da wuya a sami wanda ya kama ƙafar Narambaɗa. Na san mutanen Maradun ba za su yarda ba. Sai mu bar wannan gardama har ranar kasuwa.

To, ga abin lura. Jankiɗi ba shi ne makaɗin farko ba. A wurin wasu ya koya. Su ma a wurin wasu suka koya. Ina muryoyinsu? Babu. Sarakunan Zamfara na Birnin Zamfara da na Gobir na Alƙalawa duk suna da makaɗa. Ba wanda zai iya jiyar da mu yadda suka rera ko ɗa guda. A zamaninsu waƙa ba ta da mazauni sai bakin mai ita da kunnen mai ji.

A ƙasashen Turai akwai wani wasa da suke kira opera. Wasan kwaikwayo ne, amma kome da waƙa ake faɗinsa, makaɗa suna biye. A Italiya ya fara, wajen shekara ta 1600, a fadojin sarakuna, kamar dai namu kiɗan. Amma su suna da wasu alamomi na rubuta kiɗa a takarda. Saboda haka har yau sukan ɗauko takardar da aka rubuta shekara 400 da suka wuce, su sake yin wasan. Mu ba mu gaji irin wannan rubutu ba. In makaɗi ya mutu, yaransa suka watse, shi ke nan.

Yadda aka kama murya

A 1877 wani Ba'amurke, Thomas Edison, ya ƙago na'urar da ke kama murya ta maido da ita. Bayan shekara goma wani mai suna Emile Berliner ya ƙago faifai da garmaho. Dattawan ajinmu sun san garmaho. Akan wana shi da hannu, a ɗora allura bisa faifai, sai murya ta fito. Faifan farko baƙi ne, mai nauyi, yana fashewa kamar tangaran. Fuska guda ba ta ɗaukar fiye da kamar minti uku. Ku duba fa! Makaɗin da ya saba kwashe rabin sa'a a kan waƙa guda, a ce masa ya gama cikin minti uku. Daga baya aka yi faifai na roba, mai ɗaukar wajen minti 20 a fuska guda.

Sa'an nan ga rediyo. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna. Ma'aikatansa suka riƙa ɗaukar makaɗa a kan babban zare mai naɗi. Ta haka mutumin Adamawa ya san Ɗanƙwairo, mutumin Maraɗi ya san Jankiɗi. Da yawa daga cikin tsofaffin waƙoƙin da muke ji yau, ta hannun gidajen rediyo suka tsira. Amma na'ura ta makara ga wasu. Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960. Abin da aka ɗauka daga bakinsa kaɗan ne bisa ga abin da ya rera a rayuwarsa.

A 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset. Shi ne ya kai ɗaukar murya har ƙauye. Wanda ya sayar da gyaɗa ko auduga ya sayi rikoda, sai ya sa mata batir, ya rataya ta, ya tafi wurin biki ko gayya ko dambe. Ya danna, ya ɗauka. Ba ya bukatar izinin Kaduna. Ta haka aka kama muryoyin ƙananan makaɗa waɗanda ba su taɓa taka gidan rediyo ba.

Waɗannan su ne abin tsoro a kansu. Manyan makaɗa sun sami masu kula. Masana sun rubuta tarihinsu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ɗan ƙasar nan, na Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi shekaru yana bin makaɗa, yana rubuta waƙoƙinsu cikin littattafai. Waƙar Ɗanƙwairo kuwa tana cikin wayoyi dubbai. In ta ɓace a nan, tana can. Amma makaɗin noman garinku fa? Mai yiwuwa duk duniya kaset guda ne ke ɗauke da muryarsa. Yana nan cikin adakar wani, ƙarƙashin gado.

Kada ku raina waƙar ƙauye. A ƙasar Bulgeriya, can gabashin Turai, akwai wata mata 'yar ƙauyen duwatsu, sunanta Valya Balkanska. An ɗauki muryarta tana rera wata tsohuwar waƙar mutanensu. A 1977 Amurkawa suka harba kumbo biyu masu suna Voyager. Suka liƙa wa kowane faifai mai ruwan zinariya, ɗauke da zaɓaɓɓun kaɗe-kaɗen duniya. Waƙar matar nan tana ciki. An san sunanta, an san ƙasarta, domin wanda ya ɗauka ya rubuta.

Abokan gaban kaset

Ku buɗe idonku ku dubi zaren kaset. Leda ce siririya, an shafa mata garin ƙarfe mai laushi. A jikin garin nan murya take. Duk abin da ya taɓa shi ya taɓa muryar.

Na farko zafi. Kaset ɗin da aka bari a rana, ko a bisa bango kusa da rufin kwano lokacin bazara, zarensa yakan miƙe ya lanƙwashe. In an sa shi sai ka ji makaɗi kamar mai maye. Na biyu laima. Da damina zare yakan yi fumfuna, ya manne da juna. Ƙurar hunturu ita ma takan shiga ta kankare shi. Akwai kuma maganaɗisu. Kowace lasifika tana da shi a cikinta. Wanda ya ɗora kaset bisa babbar lasifika ya bar shi, yana iya dushe muryar da hannunsa bai sani ba. Gara ba ta cin zare, amma takan cinye takardar da ke ɗauke da suna.

Ni kaina na yi wannan hasara. Kawuna ya bar mini kaset goma sha biyu cikin kwali. Na ajiye a ƙasa, bayan ƙofa, na ce sai na sami sukuni. Damina biyu suka wuce. Da na buɗe, bakwai sun manne. Na sa ɗaya da ƙarfi, rikoda ta tauna zaren ta tsinke shi. Har yau ban san abin da ke cikinsa ba.

Akwai kuma abin da ya fi gara da laima. Kun san halin da ƙasarmu ta shiga na 'yan bindiga tun wajen 2011. Garuruwa da yawa sun tashi. Wanda ya gudu da dare, da 'ya'ya a hannu, ba ya tuna adaka. Ba laifinsa ba ne. Amma shi ya sa ba a cewa sai gobe.

Abin da za ku yi

In kuna da kaset, ku sa kowane cikin gidansa, ku jera su a tsaye cikin akwati mai murfi. Ku ɗora akwatin bisa wani abu, a ɗaki mai sanyi, nesa da rediyo. A saman kowane kaset akwai 'yan kunnuwa biyu na roba, ɗaya a kowane gefe. Ku karye su. In an karye, rikoda ba za ta yarda a ɗauki wani abu a kansa ba. Yaro ba zai shafe muryar kakansa da waƙar fim ba. In zare ya saki, ku sa biro cikin ramin ku juya a hankali. Kada ku sa kaset mai daraja cikin rikodar da ba ku sani ba. Ku fara gwada ta da wanda ba ku damu da shi ba. Faifai kuwa a gefe ake riƙe shi, a tsaye ake ajiye shi, ba ya son rana.

Amma kome kulawa, kaset ba ya dawwama. Masu gyaran rikoda ma suna ƙarewa. Saboda haka sai a juye. Hanya mafi kyau ita ce a haɗa rikoda da kwamfuta da waya, a wurin wanda ya iya. In babu hali, ku bari sai dare ya yi, gari ya yi shiru. Ku ajiye wayar hannu kusa da rikoda, ku ɗauka. Ko wannan ya fi babu.

In an juye, kada ku yar da kaset ɗin. Kada kuma ku dogara ga waya guda. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta. Katin memori yakan mutu ba sallama. Ku yi kwafi uku. Ɗaya a wurinku, ɗaya wurin malamin aji, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari. In kana Tsafe, aika wa na Gusau. Ko manyan kamfanoni sun sha wannan darasi. A 2008 gobara ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka, ta ƙone asalin zaren waƙoƙi masu yawan gaske, domin an tara su wuri guda.

Yanzu ga aikin da ya fi duka, wanda sai mai karatu ke iyawa. Ku sami littafin rubutu guda. Ku ba kowane kaset lamba, ku rubuta lambar a jikinsa da cikin littafin. Ƙarƙashin lambar ku rubuta sunan makaɗi da garinsu, da irin abin kiɗansa, da wanda aka yi wa waƙar, da wurin da aka ɗauka, da shekara. In ba a tuna shekara ba, ku rubuta abin da aka tuna. Zamanin wane hakimi ne? Kafin canjin kuɗi na 1973 ne, lokacin da aka bar fam aka koma naira, ko bayansa? Kafin a ba mu Jihar Zamfara a 1996 ne? Wannan ma ya isa ya shiryar da mai bincike. Abin da ba ku tabbatar ba, ku rubuta "an ce". Kada ku cike gurbi da ƙarya.

Sa'an nan ku rubuta waƙar kanta. Ku saurari layi guda, ku tsayar, ku rubuta, ku ci gaba. Da farko da wuya. Amma babu aikin da ke gyara hannu da kunne kamarsa. A nan ina da gargaɗi. Ku rubuta yadda makaɗi ya faɗa, kada ku gyara masa. Littafinmu na karatu da daidaitacciyar Hausa aka buga shi, wadda ta fi kusa da ta Kano. Makaɗanmu kuwa da harshen gida suka yi waƙa. In ya ce Tsahe, kada ku rubuta Tsafe. In ya ce hwada, kada ku mai da ita fada. In ya ce shina zuwa, ku bar masa shina. In kun canja, kun karya waƙar, kun kuma ɓatar da shaidar yadda iyayenmu suka yi magana.

Za ku gamu da kalmomin da ba ku sani ba. Sunan wani makami, ko wata irin dawa da aka daina shukawa, ko kayan doki. Ku ja layi ƙarƙashinsu, ku tafi wurin tsofaffi. Ku tafi da wuri. Ku gaishe su, ku zauna ƙasa, ku sa musu waƙar. Za ku sha mamaki. Tsohon da ba ya yawan magana, in ya ji gangar zamaninsa, sai bakinsa ya buɗe. Zancen zambo kuwa, in an gaya muku da wanda ake, ku rubuta ku adana. Amma kada ku kai shi dandali. Jikokin mutumin suna nan da rai, wataƙila ma ajinku ɗaya.

Wani zai ce shi ba ruwansa da kiɗa. To, madalla. Ba a ce ka yi rawa ba. Amma in kana son sanin wanda ya sari garinku, da shekarar da aka yi yunwa, da manomin da ya fi kowa dame a zamanin kakanka, sau da yawa ba za ka same su cikin wata takarda ba sai cikin waƙa.

Ku kuma mata, iyayena da yayyena na ajin yamma, naku aikin ya fi na maza gaggawa. Waƙoƙin niƙa da na daka da na reno da na gaɗa, ba a cika ɗaukarsu a kaset ba tun asali. Injin niƙa ya zo, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙarsa ta bi shi. Namiji ba ya shiga cikin gida ya ɗauka. Ku ne za ku iya. Ku nemi izinin tsohuwa tukuna. In ta yarda, kafin ta fara, ku faɗi ranar da shekarar da sunan garin cikin wayar, da sunanta in ta amince. Ta haka ko takarda ta ɓace, shaidar tana tare da muryar.

Dattijon nan na ƙasar Bunguɗu bai haƙura ba. Ya sa jikansa ya juye kaset ɗin cikin waya. Duk ranar kasuwa yakan nemi tsofaffin ƙauyukan kewaye ya sa musu. Ya zuwa yanzu mutum biyu sun ba shi suna guda, na uku ya musa. Ya rubuta duka uku cikin littafinsa, da hannunsa, kowane da "an ce" a gabansa.

Aikin wannan mako

Kowa ya bincika gida. Wanda ya sami kaset ko faifai ya zo da shi aji ran Laraba, a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta. Wanda bai samu ba ya rubuto sunayen makaɗa uku na garinsu, na da ko na yanzu, da irin abin kiɗan kowane. Malamin aji zai rubuta waɗannan kalmomi a allo, a karanta tare: kotso, taushi, amshi, zambo, faifai, maganaɗisu, adana.